Shekarar da Gashin Duna Ya Zube

Jiya da la'asar maƙwabciyata ta ɗora tukunyar ganyen darbejiya za ta yi wa ɗanta sirace saboda zazzaɓi. Tururin ya tsallako katanga ya same ni zaune ina tsince shinkafa. Idan ka taɓa shaƙar warin nan ka san shi, ɗacinsa har maƙogwaro yake sauka. Na ajiye faifan a gefe, na daɗe ban sake ɗauka ba. Mutane suna jin warin darbejiya su tuna zazzaɓi, ni kuwa kakana nake tunawa, da wani baƙin kare, da daminar da ta cinye su duka biyun.

A wani ƙauye na ƙasar Sandamu na tashi, a gidan kakana mahaifin babanmu. Kaka muke ce masa. Da ƙuruciyarsa mafarauci ne, an ce ya bi daji har cikin Nijar a zamanin da ake samun barewa da gada. Ni ban riski wannan ba. Na riski kwari da baka rataye a bangon ɗakinsa gizo-gizo ya yi musu saƙa, na riski dogon tsoho mai ƙashi wanda yanar ido ta rufe wa gani. Cikin dukan karnukan da ya taɓa riƙewa ɗaya ya rage, Duna, baƙi wuluk, ba ɗigon fari ko ɗaya a jikinsa.

Ƙasarmu jigawa ce, rairayinta fari tas. Kaka yakan ce duniya ta koma masa kamar mai kallo ta cikin ruwan tsari, ba ya rabe fuskar mutum sai ya ji murya. Amma baƙin Duna a kan farin yashi yana ganinsa. Don haka Duna ke gaba, Kaka na biye da sandarsa. Idan Kaka ya tsaya, Duna ya tsaya. Haka suke zuwa gona, haka suke zuwa gindin tsamiya inda tsofaffi ke hira, haka suke zuwa gaisuwar mutuwa a ƙauyukan kusa. Idan masallaci za su, Duna yakan kwanta can nesa a gindin wani turke, ba ya matsowa sai an sallame. Saboda karen nan Kaka bai taɓa cewa wani ya riƙe masa sanda ba, kuma duk wanda ya san shi ya san gara ya faɗa rami da ya roƙi hakan.

Ni ce abokiyar zamansa. Amarya yake kirana, irin tsokanar kaka da jika. Kullum bayan la'asar yakan sauya riga, ya sa wata tsohuwa da yake ratayewa a danga wadda ba ya salla da ita, ya shimfiɗa tabarma a bayan zaure, Duna ya zo ya kwanta a gabansa. Sai ya bi jikinsa da yatsu a hankali, cikin kunne, ƙarƙashin wuya, hamata, tsakanin yatsun ƙafa. Idan ya ci karo da kaska ya murɗe ta ya jefa a gwangwanin kananzir.

"Amarya," yakan ce, "dabba ba ta da bakin cewa ga inda ke yi mini ƙaiƙayi. Ke za ki nemo tun kafin ta fara susa."

Buhun da Duna ke kwanciya a kai kullum sai an shanya shi a rana. Makwancin nasa a share shi, a barbaɗa toka saboda ƙuma. Lokaci-lokaci a kai shi bakin rijiyar lambu, nesa da inda ake ɗiban ruwan sha, a wanke shi da sabulun salo. A sauran tuwon da ake ba shi Kaka yakan marmasa ƙuli-ƙuli ya ɗiga man gyaɗa, wai kada fata ta bushe. Gashin Duna har sheƙi yake yi. Idan an gama, Kaka ya wanke hannu da ƙasa da ruwa, ya mayar da rigar sallarsa.

A shekarun nan ne aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu. An yi murna ƙwarai, mu yara ma mun sha kabbara a kan hanya ba tare da mun san abin da ake ciki ba. Ba zan ce ba a ga gyara ba, an gani. Amma wani abu ya shigo ƙauyenmu tare da ita wanda ba hukuma ce ta kawo shi ba, kowa ya koma leƙen addinin maƙwabcinsa. Wasu samari da suka dawo daga birni suka fara cewa gidan da ke da kare ba ya samun albarka. Tsohon limaminmu ya ce karen farauta da na tsaron gona ko dabbobi ba laifi ba ne, balle wanda ke yi wa mai larura jagora. Sai dai liman a zaure yake magana da murya ƙasa-ƙasa, samari kuwa da lasifika suke yi.

Babanmu manomi ne, yana kuma kai raguna kasuwar Mai'adua. Mutum ne mai shiru, ba abin da ya tsana kamar a ɗaga shi a baki. Ya roƙi Kaka a fitar da makwancin Duna daga zaure zuwa bayan danga. Kaka bai yi musu ba. Da haka aka zauna, har bazarar da ciwon ya zo.

Kaka ya ce a ramin yanyawa Duna ya kwaso shi, domin ya taɓa bin wata har cikin raminta a gefen gona. Da kunne muka fara sani. Kana zaune sai ka ji ƙafa na dukan ƙasa a bayan danga, dab-dab-dab, a tsaya, a sake. Da la'asar Kaka ya shafa bakin kunnen Duna, ya ji ɓawo kamar busasshen tuwo. Ya shafa gwiwar ƙafa, ya shafa ciki. Na ga hannunsa ya tsaya.

"Wannan ba kaska ba ce," ya ce, "ba kuma ƙuma ba ce. Ƙazuwa ce. Samo mini ganyen darbejiya mai yawa."

Ranar aka ƙone buhun, aka sauya makwanci. Muka tafasa ganyen har ruwan ya yi kore shar, muka bari ya huce, muka yi masa wanka. Kaka ya sa aka sayo farar wuta, aka niƙe ta luƙwi, aka kwaɓa da man kaɗanya. Ya yanke wa Duna farce, ya naɗe ƙafafunsa na baya da tsumma don kada ya yage kansa. Mai injin niƙan garinmu ya aiko da baƙin mai a gwangwani, wai shi ne maganin. Kaka ya yi godiya, ya sa aka zubar a shara. Ya ce ya taɓa ganin karen da aka shafa wa, lashewa ya yi ta yi har cikinsa ya kumbura ya mutu.

Idon Kaka ba ya ganin inda ciwon ya bi, don haka ni ce mai shafawa. Ina tuna yadda Duna ke yi idan ruwan ya sauka a jikinsa. Sai ya saki ajiyar zuciya kamar mutum, ya ɗora haɓa a ƙasa, ya yi barci mai nauyi. Amma barcin ba ya daɗewa. Kafin inuwa ta matsa sai ka ga ya zabura, ya kai baki cinya yana cizo, ya je ya goga baya a jikin danga har jini ya fito. Ƙudaje suka same shi. Gashin ya fara zubewa daga kunnuwa, ya bi gwiwoyi, ya bi ciki, ya hau gadon baya. Kafin ruwan shuka ya sauka, fatarsa ta koma toka-toka, ta yamutse kamar tsohuwar salka, ga wani wari da ko wanka ba ya kashewa.

Wata safiya muna hanyar gona, Duna na gaba kamar kullum, sai Kaka ya tsaya cak a tsakiyar hanya.

"Amarya, ina ya shiga?"

Duna na tsaye a gabansa, da ya miƙa sanda zai taɓa shi. Ya juyo yana kallon Kaka, yana jira.

"Ga shi nan gabanka, Kaka."

Ya ƙura ido, ya ƙara ƙurawa. Can ya ce, "To, ya zama launin ƙasa ke nan." Ya nemi gefen hanya ya zauna, ya ɗora sandar a kan cinya. Ranar ba mu isa gona ba. Daga baya na yago baƙin zanen Inna da ya tsufa na ɗaura wa Duna a baya, amma ko ƙofar gari ba mu kai ba ya sosa ya yar.

Bayan wannan ne ƙuraje suka feso mini a hannuwa da ciki, ƙanana jajaye, masu ƙaiƙayin da ke sa mutum kuka. Inna ta gani tana cuɗa mini baya, ta saki soso ta yi salati. A makarantar Islamiyya 'yan mata suka janye tabarmarsu daga tawa, wata ta ce in yi haushi su ji. Malama ta tsawatar musu, sannan ta ce in zauna a gida sai na warke. A bakin rijiya mata suka ce ai dama an faɗa, ga shi nan tun a duniya ya fara fitowa a jikin jika. Inna ta dawo da tulunta rabi, ta shige ɗaki.

Da babanmu ya dawo daga kasuwa ya je ya durƙusa a ƙofar ɗakin Kaka.

"Baba, maganar mutane na daɗe ina haɗiye ta. Amma yanzu abin ya taɓa yarinya."

"Nata ba zai daɗe ba," in ji Kaka. "Ciwon kare ba ya zama a jikin mutum. A shafa mata abin da ake shafa masa, a raba ta da shi. Shi kuma ka bar mini shi zuwa girbi."

Babanmu ya miƙe ya tafi. Bayan 'yan kwanaki sai ga wani baƙo a kan babur, da kejin ƙarfe ɗaure a baya, irin masu bin ƙauyuka suna sayen karnuka su kai kudu. A cikin kejin akwai wasu guda biyu sun yi lamo, harshe a waje. Babanmu ya kai shi bayan danga. Mutumin ya dubi Duna, ya zungure shi da kara, ya toshe hanci.

"Wannan ko kyauta ba na ɗauka. Shafa wa sauran zai yi."

Ya tayar da babur ya tafi, ya bar babanmu tsaye da yara sun kewaye shi suna dariya. Ban taɓa ganin kunya a fuskar babba irin ta ranar ba. Kaka yana cikin zaure, duk abin da aka faɗa a kunnensa. Bai ɗaga murya ba, bai ma fito ba. Washegari da hantsi ya naɗe tabarmarsa, ya ɗauki buta da tukunyar darbejiya da kwanon maganin, ya ce zai koma bukkar gona ya yi tsaro.

"Baba, gero ko gwiwa bai kai ba," in ji babanmu. "Me za ka tsare?"

"Akwai abin tsaro."

Ya ɗaura wa Duna igiya a wuya. Karen da tun yana ɗan kwikwiyo bai san igiya ba, ya tsaya shiru aka ɗaura masa. Kaka ya riƙe ɗaya bakin, suka kama hanya, kare na ja tsoho na bi. Mutane suka fito ƙofar gidajensu suna kallo.

Ƙurajena sun baje kamar yadda ya faɗa, ko tabo ba su bari ba. Amma Inna ta yi rantsuwa idan na sake taɓa karen nan ba ta yafe ba. Babanmu da kansa yake kai wa Kaka abinci kullum da safe. Wani lokaci yakan tafi da ni, in tsaya daga bakin gona ina kallo. Kullum maganarsu ɗaya ce. Babanmu ya ce, "Baba, ka dawo gida." Kaka ya ce, "Da shi?" Sai babanmu ya sunkuyar da kai, ya ɗauki kwanon jiya mu juyo. Na tabbata idan da ɗaya daga cikinsu ya ƙara kalma ɗaya a kan wannan, da an dawo. Ba wanda ya ƙara.

Daminar ta yi ƙarfi. Bukkar ta kara ce, an yi ta don fakewa daga rana, ba don kwana ba. Idan aka yi marka, ƙasan cikinta jagab take yi, tabarmar Kaka ba ta bushewa. A haka yake hura wuta da jiƙaƙƙen ice yana tafasa ganye, yana laluben jikin Duna da hannu yana shafa magani inda ya ji ɓawo. Kuma maganin ya fara ci. Susa ta ragu, gyambunan suka kame. Wata rana da gero ya fara fitar da kai, Kaka ya kira ni daga nesa.

"Amarya, matso kaɗan, ba sai kin taɓa ba. Hannuna yana jin wani abu a bayansa. Dubo mini, kuma ki faɗi gaskiya."

Na matsa. A gadon bayan Duna wani gashi ne ya tsiro, laushi kamar na ɗan tsako.

"Gashi ne, Kaka."

"Wane launi?"

"Baƙi."

Ya yi dariya har da buga sanda a ƙasa. Dariyar ta juye tari, ya yi ta yi yana dafe da haƙarƙari, har babanmu ya zo ya riƙe shi. Tarin nan bai sake shi ba. Ba a jima ba aka ɗauko shi a amalanke, jikinsa kamar garwashi, numfashi da ƙyar. An kai shi asibiti a Daura, suka ce sanyi ya riga ya kama huhu, ga tsufa. Ya ce a mayar da shi ɗakinsa. Duna, wanda ya biyo amalanken tun daga gona, ya koma bayan danga ya kwanta.

A kwanakin da suka rage masa Kaka bai yi magana da yawa ba. Sau ɗaya ya buɗe ido lokacin da Inna ta kawo masa kunu, ya ce, "An yi masa wanka?" Inna ta dube ni, ta dubi ƙasa, ta ce an yi. Ya ce madalla, kada a tsaya, ciwon yana laɓewa ne. Ya rasu kafin a yanke gero. Da aka ɗauki makara Duna ya bi bayan mutane, aka kore shi da hoge tun kafin a kai maƙabarta.

Ba wanda ya sake yi masa wanka. Ina jefa masa sauran tuwo ta saman danga, iyakar abin da aka bar ni in yi ke nan. Kafin a gama ɗaurin dawa na sake jin ƙafa na dukan ƙasa, dab-dab-dab. Ina zaune a tsakar gida ina jinsa, na san ganyen da za a tsinko, na san inda kwanon maganin yake, ga rantsuwar Inna a kaina. Sabon gashin ya zube. Yara suka matsa masa da jifa, ya bar bayan gidanmu ya koma bola a gefen gari.

Ganina na ƙarshe da shi, ina dawowa daga rijiya da tulu a kai. Yana kwance a gindin wata aduwa, fata da ƙashi, yana cizon ƙafarsa. Na kira sunansa. Ya ɗago kai, ya gane ni, ya kaɗa wutsiya, har ya yunƙura zai tashi. Sai ƙaiƙayin ya kama shi, ya koma ya kafa haƙori a cinyarsa. Na tsaya har wuyana ya gaji, bai sake ɗagowa ba. Bayan nan ba wanda ya ƙara ganinsa, ba kuma wanda ya nema.

Yanzu a cikin Daura nake aure. Ƙanin mijina yana kiwon awaki, shi ya taɓa gaya mini a cikin hira cewa ƙazuwar dabba ba wani abu ba ce, allura ce ake yi a maimaita, a gyara makwanci, shi ke nan. Na tambaye shi ko sabuwa ce. Ya ce ina, tun yana yaro ake yi wa raguna ita a kasuwar Mai'adua. Wato tana nan a lokacin, a kasuwar da babanmu ke wuni. Ba ɓoye ta aka yi ba. Ba dai wanda ya ga kare ya kai a yi tambaya dominsa.

Ƙauyen namu ma ya sauya. Tun da satar dabbobi ta yi yawa, gidan da ba kare shi ne abin mamaki, har gidajen waɗancan samari, waɗanda yanzu furfura ta fito musu. Gonar Kaka an yanka ta filaye. Inna ta rasu, liman ya rasu.

Da sallar da ta wuce na je gaida babanmu. Ya tsufa, ya yi laushi, yana zaune a zaure da jikoki. Na daɗe ina son mu yi maganar, ba don in ɗora masa laifi ba, ina dai son in ji wani ya ce shi ma yana tunawa. Da yaran suka fita na ce, "Baba, kana tuna karen Kaka, wanda ya yi ƙazuwa shekarar da ya rasu?"

Ya shiga tunani. Na dubi fuskarsa da kyau, ba ɓoyewa yake yi ba, da gaske nema yake yi.

"Wane kare?" ya ce. "Ai marigayi ya yi karnuka da yawa."

Sannan ya tambaye ni ko an fara ruwa a Daura.